Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Kafa Shafin Intanet Daga Rumbun GitHub

Jama'a salamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. A fitowar da ta wuce na yi suɓul da baka na ce mutum zai iya kafa shafin intanet ba tare da ya biya ko sisin hostin ba, wato kuɗin hayar wurin ajiye shafin, toh ashe aiki na jangwalo wa kaina, saƙonni suka yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Na tsinci guda shida da nake ganin sun wakilci sauran, na ɗan rage musu tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata malama a Zariya:

"Malam barka da aiki. Ni ke kula da shafin makarantarmu ta Islamiyya, ba wani abu ne a ciki ba illa tarihin makaranta, jadawalin karatu, ranar dawowa hutu da hotunan walimar sauka. Duk shekara sai mun biya kuɗin hostin, bara kuma aka yi mana kutse aka cika shafin da tallan caca, wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan yayata ya ce akwai yadda za a ajiye rubutun a GitHub, da zarar an gyara sai shafin ya sabunta kansa, kuma wai kyauta. Ni kyautar nan ce ta ba ni tsoro. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle?"

Malama Allah ya saka da alheri kan hidimar yaran nan. Ɗan yayarki bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗa miki duka ba, bari in ɗauko daga tushe don sauran masu tambaya ma amsarsu tana cikin taki.

Shafukan intanet iri biyu ne in an taƙaita. Akwai mai kama da teburin mai shayi, duk wanda ya zo ya zauna a benci sai an kunna risho an soya masa nasa ƙwan da indomi, wato duk sanda wani ya buɗe shafin sai wata kwamfuta can ta shiga ma'ajiyar bayanai ta kwaso rubutu ta haɗa da hotuna sannan ta miƙo masa. WordPress haka yake aiki, kuma na fi zaton shi kuke kai. Akwai kuma mai kama da burodi, tun dare aka gasa aka jera, wanda ya zo miƙa masa kawai za a yi. Shi ne tsayayyen shafi, fayiloli ne zalla na HTML (tsarin rubutun shafi) da CSS (kwalliyarsa) da hotuna da aka riga aka gama haɗawa. Masu kutse yawanci ta kicin suke shiga, ko ta wurin da admin ke sa kalmar sirri ko ta wani tsohon fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi, da aka manta ba a sabunta ba, shi kuwa tsayayyen shafi ba shi da kicin ɗin balle ƙofarsa. Ranar dawowa hutu ba ta canzawa don wani ya buɗe ta, kinga ke nan burodi ne naku, kuɗin mai shayi kuke ta biya a banza.

Sai maganar rumbu. Akwai wata manhaja Git da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, mutumin nan da ya fara Linux, aikinta ta riƙe tarihin duk wani gyara da aka yi wa fayiloli, wa ya gyara, yaushe, wane layi ya taɓa. Foldar da Git ke gadi ita masu harkar ke ce wa rifo, ni rumbu nake ce mata. GitHub kamfani ne da aka buɗe a 2008 don mutane su riƙa ajiye rumbunansu a intanet, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma tun 2008 ɗin suke da wani sashe GitHub Pages da ke ɗaukar fayilolin rumbu ya baje su a matsayin shafi, da adireshi irin sunanki.github.io. Kyautar da ta ba ki tsoro ba ta Allah da Annabi ba ce, kasuwa ce, miƙa fayil ɗin da aka riga aka gama ba ya cin musu wani abin kirki, su kuma suna so duk mai koyon rubuta manhaja ya saba da gidansu kafin ya girma ya fara biya. Kuma da sharaɗi. A asusun kyauta dole rumbun ya zama a buɗe kowa na iya leƙawa, shafin kada ya wuce gigabait 1, zirga-zirgar masu buɗewa kuma an so kada ta haura gigabait 100 a wata. Makarantar Islamiyya ba za ta ko kusanci wannan ba sai in bidiyo kuka fara zubawa, shi kuma ku kai YouTube ku kawo mahaɗinsa kawai.

Yanzu ga wurin da "shafin ke sabunta kansa". Ba wanda zai so ya riƙa rubuta HTML da hannu duk sanda za a sanar da hutu, shi ya sa ake amfani da injin haɗa shafi. Sanannu biyu su ne Jekyll, wanda Tom Preston-Werner ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub ya rubuta a 2008, da Hugo da ya fito a 2013, ni Hugo nake amfani da shi saboda sauri. Ke rubutu kawai za ki yi a fayil mai sauƙi da ake kira Markdown, kusan kamar saƙon WhatsApp ne, alamar # a gaban layi ta mayar da shi kanu, taurari biyu su yi wa kalma kauri. Injin shi zai ɗauki rubutun ya sa masa riga da hula ya fito da shafi. Toh wa zai kunna injin? Nan GitHub Actions ya shigo, an sanar da shi a 2018 aka buɗe wa kowa a ƙarshen 2019. A cikin rumbun ana yin folda mai suna .github/workflows a ajiye wata 'yar takardar umarni a ciki. Da zarar kin adana gyara, GitHub zai tayar da wata kwamfuta a can wurinsu, ta karanta takardar, ta kwafo rumbun, ta sauke Hugo, ta haɗa shafin, ta tattara abinda ya fito a foldar public ta miƙa wa Pages, sannan a shafe kwamfutar gaba ɗaya kamar ba a taɓa yin ta ba. Ƙaramin shafi minti ɗaya zuwa biyu an gama, kuma ga buɗaɗɗen rumbu ba a cajin wannan aikin.

Ki riƙe wannan da kyau don shi ne kan maganar: kwamfutar nan lebura ce baƙuwa. Kullum sabon lebura ake turowa, bai san ki ba, bai san abinda na jiya ya yi ba, bai taɓa ganin laftof ɗin ɗan yayarki ba. Abinda ke cikin rumbu da abinda ke rubuce a takardar umarni, iyakar saninsa ke nan, kuma ba ya tambaya, in ya ga abinda bai gane ba ajiye aikin yake ya tafi.

Abinda ɗan yayarki bai faɗa ba kuwa guda uku ne. Kada ya buɗe rumbun a asusunsa na kansa, gobe ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi ku shiga uku, GitHub na bari a buɗe asusun ƙungiya kyauta, a yi shi da sunan makaranta a sa mutum biyu ko uku su zama masu iko. Sannan yanzu ƙofar da ta rage wa ɓarawo ita ce asusun kansa, ku kunna tantancewa mai mataki biyu, lambobin ceto da za a ba ku a buga su a takarda a kulle a durowar hedimasta. Na uku, adireshi irin .com.ng ko .org.ng ba kyauta ba ne, wannan za ku ci gaba da biya duk shekara wajen dillalan da hukumar NiRA ta amince da su, sai dai kuɗinsa bai kai na hostin ba. Wajen dillalin za a shiga a nuna wa adireshin hanya zuwa lambobin GitHub guda huɗu, daga 185.199.108.153 zuwa 185.199.111.153, kwaɗon nan na tsaro na HTTPS kuma GitHub za su samo muku daga cibiyar Let's Encrypt ba ko kwabo. Hotunan yara kuma Malama a nemi izinin iyaye tukuna, don abinda ya shiga buɗaɗɗen rumbu ko an goge shi yana nan a tarihi, za ki ga bayanin wannan a amsa ta ƙarshe.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kano:

"Oga don Allah a taimaka. Na haɗa shafi na nuna ayyukana, a laftof ɗina komai tsaf har abokai na yabawa, amma da na tura GitHub sai ya fito tsirara, rubutu baƙi a kan fari ba kala ba komai, hotuna uku kuma sun ƙi fitowa sam. Na goge na sake turawa ya fi sau goma."

Ƙanena daina gogewa, ko sau ɗari ka tura abu ɗaya lebura abu ɗaya zai gina maka. Matsala biyu ce ta haɗe maka.

Tsiraicin daga adireshi yake. In sunan rumbunka daidai yake da sunanka.github.io to shafin a bakin ƙofa yake zama, amma in ka sa masa wani suna, a ce ayyukana, to shafin zai koma sunanka.github.io/ayyukana/, wato ɗaki ne a cikin gida. Kai kuma a rubutunka ka ce a ɗauko /css/style.css, wannan karan da ke farko ma'anarsa a fara nema daga bakin ƙofar gida, birawuza ta je can ba ta ga komai ba ta dawo hannu rabbana. A laftof ɗinka ba ka ga matsalar ba don a can shafin shi kaɗai ne a gidan. In Hugo ne ka buɗe fayil ɗin saiti ka gyara baseURL ya zama cikakken adireshin har da /ayyukana/ ɗin, in Jekyll ne baseurl a cikin _config.yml, in kuma da hannu ka rubuta HTML ɗin to cire karan farkon kawai.

Hotunan kuma zan iya rantsuwa Windows kake amfani da shi. Windows ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil, Hoto.JPG da hoto.jpg duk ɗaya ne a wurinsa, amma can inda shafinka ya sauka sunaye biyu ne daban kamar Musa da Isa. Je ka duba ukun nan da suka ƙi fitowa, za ka tarar kyamara ko waya ta sa musu JPG da manyan baƙaƙe kai kuma ka rubuta da ƙanana. Ka ɗora wa kanka doka daga yau, sunan fayil duk ƙananan baƙaƙe, ba tazara, in kana son raba kalmomi sa ɗan karan tsakiya. Wani abu kuma da ke cin mutane, in ba ka rubuta takardar umarni taka ba ka bar Pages ya ɗauka kai tsaye daga reshe, wato layin da Git ke jera gyare-gyaren rumbu a kai, to Jekyll ne zai bi ta kan fayilolin, shi kuma duk foldar da sunanta ya fara da karan ƙasa, irin _next ko _assets, tsallake ta yake. Maganin shi ne ka ajiye fayil wanda ba komai a ciki mai suna .nojekyll a gindin rumbun. Gaba in haka ta sake faruwa danna F12 a birawuza ka duba jerin abubuwan da suka yi ja da lamba 404, adireshin da ta je nema yana nan a rubuce, daga shi za ka gane inda ta ɓata.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kaduna:

"Malam ni kullum jan kuros nake gani a gefen abinda na tura, ga imel suna ta turo min wai aiki ya faɗi. Bidiyo na bi a YouTube layi bayan layi ban canza komai ba. Sau ɗaya da ya yi kore kuma sabon rubutun da na sa bai fito ba. Anya abin nan na mutane ne?"

Yallaɓai na mutane ne, kuma jan kuros ɗin nan ba zagi ba ne, takarda ce lebura ya bari kafin ya tafi. Abinda na lura yawancinmu ba ma buɗe ta, muna ganin ja sai gaba ya faɗi a rufe laftof. Shiga rumbun ka danna Actions a sama, danna aikin da ya faɗi, za ka ga matakan a jere kowanne da alamarsa, buɗe wanda ya yi ja ka gangara ƙasa ka karanta layuka biyar na ƙarshe. Turanci ne amma ba mai wuya ba, sau da yawa har lambar layin da ya lalace yake faɗa. Da ka turo min waɗannan layukan da na ba ka amsa ɗaya tak, tunda ba ka turo ba ga waɗanda na fi cin karo da su.

Takardar umarnin da wani tsarin rubutu mai suna YAML ake rubuta ta, shi kuma YAML masifaffe ne a kan tazara, matsayin kowane layi daga yawan tazarar da ke gabansa ake gane shi, kuma bai yarda da maɓallin Tab ba sam. Wanda ya kwafa daga bidiyo da ido ko ya kwafo daga WhatsApp sai tazara ɗaya ta zame, shi ke nan aiki ya tsaya tun kafin ya fara. Bayan shi sai saiti, ka shiga Settings ka danna Pages ka tabbata inda aka rubuta Source ka zaɓi GitHub Actions, in ba haka ba lebura zai gama gini ya zo miƙawa ya tarar ba mai karɓa. Haka nan a cikin takardar dole a ba shi izini a rubuce, pages: write da id-token: write, in babu su matakin ƙarshe ne zai riƙa faɗuwa kullum alhali na sama duk kore. Sai kuma tsufan bidiyon kansa, duba shekarar da aka ɗora shi. Tun Oktoba 2020 sabbin rumbuna babban reshensu main ne, tsofaffin darussa kuwa master suke rubutawa, in takardarka ta ce a jira gyara a master kai kuma main kake turawa to ba ja ba kore, shiru kawai za ka ji. A farkon 2025 ma an daina karɓar tsofaffin nau'o'in matakin da ke tattara fayilolin shafi, duk darasin da ya girmi wannan lokacin sai an sabunta lambobin da ke bayan alamar @ ɗin nan. Shawarata ka bar bidiyon, a wannan shafi na Pages ɗin, GitHub da kansa yana ba da takardar umarni ta Jekyll da ta HTML zalla, akwai ta Hugo ma a cikin jerin, ɗauki tasu ka ɗora a kai.

Batun kore amma rubutu bai fito ba, wannan ni ma ya taɓa hana ni barci kuma laifina ne. Wata rana wajen sha biyu da rabi na dare na gama wani rubutu, na sa masa kwanan watan sabuwar ranar da aka shiga, na tura, kore shar, na buɗe shafi ba rubutu. Na sake turawa, na share ma'ajiyar birawuza, na ari wayar maiɗakina na duba har ta farka tana tambaya lafiya, ba komai. Ashe Hugo in ka ba shi kwanan wata ba ka faɗi na wace ƙasa ba da agogon duniya na UTC yake lissafi, mu kuma a Najeriya da Nijar awa ɗaya muke gaba, wato a wurinsa sha ɗaya da rabi ne na daren jiya, rubutuna na gobe ne, shi kuma ba ya fitar da rubutun da ranarsa ba ta zo ba sai an ce masa ya yi. Kuma ko da ƙarfe ɗaya ta buga ba zai fito da kansa ba, don burodi an riga an gasa, lebura ya tafi, sai an sake tayar da wani. Layi ɗaya ne maganin, timeZone a fayil ɗin saiti a ba shi Africa/Lagos, mutanen Nijar Africa/Niamey. Kafin ka kai can ma duba saman rubutun ko akwai draft: true, shi ma ɓoye rubutu yake. Mai son rubutu ya riƙa fita da kansa a ranar da ya sa masa zai iya ƙara schedule a takardar umarni a riƙa sake gini kowace safiya, amma shi ma da UTC yake aiki, kuma a buɗaɗɗen rumbu in aka yi kwana 60 ba a taɓa komai ba dakatar da shi ake yi sai ka koma ka kunna.

Tambaya daga wani marubuci a Maraɗi:

"Malam ina gaisuwa. Ni gajerun labarai nake rubutawa da Hausa kuma ba ni da kwamfuta sai waya. Wani aboki ya kafa min shafin ya koma Yamai. Zan iya ci gaba da kaina? Kuma baƙaƙenmu masu lanƙwasa wani lokaci akwati suke zama, wani lokaci wasu alamu kamar rubutun aljanu."

Ɗan'uwa muna amsawa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Za ka iya, kuma a ganina irinku ne tsarin nan ya fi yi wa rana, tunda nauyin ginin ba a kan wayarka yake ba. Buɗe github.com a birawuzar waya, shiga foldar da labaran suke, a Hugo sunanta content, buɗe tsohon labari ɗaya ka kwafi 'yan layukan samansa masu take da kwanan wata, ka yi sabon fayil mai ƙarewa da .md ka liƙa ka canza, ka zuba labarinka a ƙasa ka danna Commit changes. Iyakar naka ke nan. In gyara ne alamar fensir za ka danna. Amma ka fara rubuta labarin a manhajar rubutu ta wayar ka adana, kada ka yi ta bugawa a birawuza netwok ya ɗauke ka yi asarar shafi uku.

Akwati da rubutun aljanu cuta biyu ce daban. In ka ga ƙ ta koma Æ™ ko ɗ ta koma É— to birawuza ce ba a gaya mata tsarin da aka adana rubutun ba, ta karanta da tsohon tsarin Turawan yamma, kowane baƙi namu ta raba shi biyu. A saman babban fayil ɗin HTML na shafin a tabbata akwai layin meta charset="utf-8", a kuma sa lang="ha" don injunan bincike su san Hausa ce. In kuwa akwati ka gani, ko ka ga ƙ ɗin ta fito amma ta bambanta da sauran baƙaƙe kamar baƙuwa a gidan biki, to salon rubutun da abokinka ya zaɓa ne ba shi da baƙaƙenmu, da yawa daga masu kyan nan ba a zana musu ɓ da ɗ da ƙ ba balle ƴ da ku kuke amfani da ita a Nijar inda mu muke rubuta 'y. Noto Sans yana da su duka, haka Andika da Charis na cibiyar SIL da aka yi su musamman don harsuna irin namu. Roƙi abokin naka ya saka fayil ɗin salon a cikin rumbun kansa, aikin minti goma ne ko daga Yamai.

Sunan fayil kuma kada ka sa masa lanƙwasa. Taken labari ya sha lanƙwasarsa yadda ya kamata, amma fayil ɗin ka rubuta kaddara.md, don in ka sa ƙ a adireshi, ranar da wani ya kwafa ya tura a guruf sai ta zama %C6%99, mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni har mutane su ji tsoron dannawa su ɗauka na 'yan damfara ne.

Tambaya daga wata Hajiya mai atamfa da leshi a Kantin Kwari:

"Ɗana ya ce zai buɗe min shago a wannan GitHub ɗin mutane su riƙa saye suna biya da kati. In ba shi kuɗin data ya fara?"

Hajiya a dakata tukuna. Dokar GitHub Pages ta faɗa ƙarara ba a yarda a mayar da shi wurin gudanar da kasuwancin saye da sayarwa ba, kuma ba wurin karɓar lambar kati ko kalmar sirrin mutane ba ne. Ko ba doka ma, tsayayyen shafi bai san an sayi turmi biyar saura biyu ba, wannan lissafin aikin mai shayi ne. Abinda zai iya yi miki shi ne allon nuna kaya, hoto da farashi da maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinki a yi ciniki a can, kuma ya ɗora shi a Cloudflare Pages ko Netlify bayan ya karanta sharuɗɗansu, su ma daga rumbun GitHub ɗin suke ɗauka su gina duk sanda aka yi gyara. Amma tsakani da Allah Hajiya, in kwastomominki a WhatsApp suke, katalog ɗin WhatsApp Business zai yi miki wannan aikin yau ɗin nan ba sai an jira yaro ya dawo daga makaranta ya canza farashin leshi ba. Kuɗin datar dai a ba shi, koyon ba zai zama asara ba.

Tambaya ta ƙarshe, daga wani matashi a Sakkwato, kuma shi na riga na amsa masa tun ranar da saƙon ya shigo don ba ta jiran wata:

"Malam na yi kuskure na tura fayil mai ɗauke da makullin sirri na wani asusuna cikin buɗaɗɗen rumbu, amma bayan kamar awa biyu na lura na goge. Shi ke nan ko?"

A'a ƙanena, ba shi ke nan ba. Aikin Git gaba ɗaya shi ne kada ya manta, gogewar da ka yi sabon shafi ne kawai a littafin tarihi, duk wanda ya danna jerin gyare-gyaren rumbun zai ga fayil ɗin yadda yake da makullin a ciki. Kuma akwai manhajojin ɓarayi da ba su da aiki sai sintiri a sabbin abubuwan da ake turawa buɗaɗɗun rumbuna suna tsintar irin wannan, awa biyu a wurinsu shekara ce. Ka ɗauka an riga an gani. Je wurin da aka ba ka makullin ka soke shi ka karɓi sabo, ka duba ko an yi amfani da tsohon, in asusun na da alaƙa da katin banki duba can ma. Wanke tarihin rumbu yana yiwuwa amma wannan na baya ne, ba ya maye gurbin sokewa.

Sabon makullin in lebura na buƙatarsa wajen gini, akwai aljihun da aka tanada, Settings sai Secrets and variables sai Actions, ka ajiye a can ka kira shi da suna a takardar umarni, ko a rahoton aiki taurari ake nunawa a madadinsa. Sai dai ka kula, in makullin zai ƙare a cikin JavaScript ɗin shafin ne, wato umarnin da ke gudana a birawuzar mai buɗewa, to aljihun bai tsare komai ba, don duk abinda aka gasa cikin burodin mai saye zai gutsura ya gani, F12 kawai zai danna. Irin wannan makullin ko dai ya zama wanda aka yi shi don a gani, a kuma ɗaure shi da adireshin shafinka kaɗai, ko kuma aikin ya koma wata kwamfuta daban mai irin aikin mai shayi. Fayil ɗin da ka tura kuma, na san .env ne, rubuta sunansa a cikin .gitignore, fayil ɗin da ke gaya wa Git abinda zai tsallake, yanzu kafin ka sake taɓa komai a rumbun.